Baftisma: Nutsarwa ko Zuba Ruwa?



Kwanakin baya wata uwa ta tsayar da ni bayan Misa, hankalinta a tashe. Ɗanta ya dawo daga makaranta yana cewa baftismar da aka yi masa yana jariri ba karɓaɓɓiya ba ce, domin zuba masa ruwa a ka kawai aka yi. Wai sai an kai shi kogi an nutsar da shi. Hujjar da aka ba shi ita ce, a Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ma'anar kalmar nutsarwa ce. Na tabbata ba gidanta kaɗai wannan magana ta shiga ba.

Akwai gaskiya a ciki, kada mu musa. Tushen kalmar shi ne "bapto", wato tsomawa, kamar yadda marini yake tsoma zane. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda farin ƙyalle yake shiga ramin baba, ya fito da launin da ya zama nasa. Daga nan aka sami "baptizo", wadda Helenawa suke faɗa har ga jirgin ruwan da ya nutse. Ita ce kuma aka yi amfani da ita a fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari, inda Na'aman kuturu ya shiga Kogin Urdun sau bakwai (2 Sarakuna 5:14).

Amma kalmar ba ta tsaya nan ba. A Luka 11:38 wani Bafarisiye ya gayyaci Ubangijinmu cin abinci, ya yi mamaki da bai yi wankin al'ada ba kafin ya zauna. "Baptizo" ce Luka ya rubuta a wurin, alhali abin da Yahudawa suka saba kafin ci shi ne wanke hannu. A Markus 10:38 kuwa Yesu ya kira shan wahalarsa da mutuwarsa baftisma, inda babu ko ɗigon ruwa.

Kiristoci na farko, waɗanda Helenanci ne harshensu na kullum, sun fi mu sanin kalmarsu. Littafin Didake, wanda masana suke ɗauka an rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya umarta a sura ta 7 a yi baftisma cikin ruwa mai gudu. In babu, cikin wani ruwan. In kuwa bai isa ba, a zuba sau uku a ka da sunan Triniti Mai Tsarki. Dokar Ikilisiya ta 1983, a sashe na 854, ta amince da hanyoyin biyu. Ni kaina ina son nutsarwa, domin ta fi nuna abin da Waliyi Bulus ya koyar a Romawa 6, cewa an binne mu tare da Kristi domin mu tashi tare da shi. Sai dai ba yawan ruwan ne yake kawar da zunubi ba. Ruhu Mai Tsarki ne yake aikin, ko a kogi, ko da ƙoƙo ɗaya a bakin gadon mai jinya.

Saboda haka ba a maimaita wannan Sakramenti. Yana buga wa rai hatimin da ba ya gogewa, Afisawa 4:5 kuma baftisma ɗaya ta sani. Wanda ya kauce bayan baftismarsa, hanyar komowarsa ita ce tuba da Sakramentin furta zunubi.

Iyaye da iyayen baftisma, ku zaunar da 'ya'yanku ku karanta musu waɗannan ayoyi. Wanda har yanzu yake da shakka, ya zo wurin Fada ko Katikis bayan Misar Lahadi, a buɗe masa littafin rajistar baftisma, ya ga sunansa da ranar da aka yi masa.