Babba Juji Ne: Shugaban Jam'iyya da Nauyin Faɗuwar Zaɓe

Hausawa na cewa babba juji ne, kowa ya kwaso shara sai ya zuba, kuma abin da suke nufi shi ne duk wanda ya karɓi ragamar jama'a ya amince ke nan a jibga masa laifin da ya aikata da wanda bai aikata ba. Juji, wato wurin da unguwa ta keɓe don zubar da shara, ba ya tambayar yaron da ya iso da kwando da sassafe daga wane gida ya fito, amma kuma babu mai hankalin da zai ce jujin ne ya haifar da sharar.

Wannan ɓangare na biyu ne 'yan siyasa kan tsallake. Da jam'iyyar PDP ta sha kaye a 2015, inda Muhammadu Buhari ya kayar da Goodluck Jonathan, Nasir El-Rufa'i kuma ya karɓe Kaduna daga hannun Mukhtar Ramalan Yero, sai aka yi ca a kan shugabanta na ƙasa, Adamu Mu'azu, har ya yi murabus a watan Mayu, alhali gwamnoni biyar ɗin da ficewarsu ta karya ƙashin bayan jam'iyyar sun tafi ne tun Nuwamban 2013, a zamanin Bamanga Tukur, kafin shi ya hau kujerar.

Wanda ya san yadda ake zaɓe a Rigasa, mazaɓar nan ta ƙaramar hukumar Igabi mai cinkoson jama'a, ya san ƙuri'a ba a hedikwatar jam'iyya take zubewa ba. A rumfar zaɓe take zubewa, lokacin da wakilin jam'iyya, wato mutumin da aka ɗora wa sa ido har a kammala ƙidaya ya sa hannu a takardar sakamako, ya gaji da jiran kuɗin abincinsa ya kama gabansa. A 2023, ƙarƙashin shugaba guda, Iyorchia Ayu, PDP ta lashe kujerun sanatocin Kaduna uku, ɗan takararta na shugaban ƙasa Atiku Abubakar ya ci jihar, sannan bayan mako uku kacal ɗan takararta Isa Ashiru ya rasa kujerar gwamna a hannun Uba Sani da tazarar ƙuri'a dubu goma da 'yan kai.

Duk da haka karin maganar ba ta wanke babba ba, domin akwai sharar da daga ɗakinsa take fitowa. Zaɓen fid da gwani, wanda da shi jam'iyya ke tsayar da ɗan takararta, da sulhunta waɗanda aka ɓata wa rai bayansa, aikin shugabancin jam'iyya ne, kuma a nan masu sukar Ayu suna da hujja mai ƙarfi, tunda ya ƙi sauka sa'ad da gwamnoni biyar ƙarƙashin Nyesom Wike suka sanya saukarsa sharaɗin mara wa Atiku baya. Murabus ɗin Mu'azu kuwa bai kawo binciken da ya kamata ba, rikicin shugabancin jam'iyya ya gadar, wanda ya kai Ahmed Maƙarfi da Ali Modu Sheriff gaban Kotun Ƙoli, sai a Yulin 2017 aka raba gardama.