Maƙala Kan Ƙwayar Istirojin da Amanar Bayar da Ita

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya gina jikin mace a kan awo, Ya sanya wa jininta lokaci, wa cikinta wa'adi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, gidan ƙwan mace yana fitar da wani sinadari da likitoci ke kira istirojin. Da shi yarinya ke balaga, da shi bangon mahaifa ke kauri kowane wata, shi ne kuma ke riƙe ƙarfin ƙashi. Masana sun daɗe suna son mayar da shi ƙwaya ta haɗiya, sai hanta ta hana su. Galibin abin da hanji ya tsotsa sai ya bi ta hanta kafin ya zaga jiki, ita kuwa kamar mai tsaron ƙofar gari take, tana rusa mafi yawan sinadarin tun a bakin ƙofa. A 1938, a birnin Balin, Hans Inhoffen da Walter Hohlweg na kamfanin Schering suka yi wa sinadarin ɗan ƙari da ya sa hanta ba ta iya rusa shi da wuri. Wannan shi ne ethinylestradiol, wanda ke cikin mafi yawan ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadari biyu har yau.

Amfaninsa ba abin musu ba ne, kuma butulci ne a ɓoye shi. Idan aka haɗa shi da ɗan'uwansa furojestin, yana hana fitar ƙwai, yana daidaita haila, yana rage zubar jinin da ke ƙarar da mata har su ɗashe, yana sassauta ciwon mara. Wadda ta sha shi shekaru, haɗarin sankarar gidan ƙwai da ta bangon mahaifa yana raguwa gare ta. Yarinyar da gidan ƙwanta bai yi aiki ba, da istirojin ake kai ta ga balaga. Dattijuwar da haila ta yanke mata, zafi yana taso mata da dare har barci ya gagara, ita ma tana samun sauƙi da nau'insa. Sai dai tun 1975 aka tabbatar cewa ba shi kaɗai ake bai wa mai mahaifa ba, domin yana jawo sankarar bangonta idan babu furojestin.

Amma akwai labarin da nake so kowane mai ba da magani ya riƙe a zuciyarsa. A wannan shekarar ta 1938, Charles Dodds da abokan aikinsa a Landan suka haɗa wani istirojin mai arha, DES. Likitoci a Amurka suka yi zaton yana hana ɓari, aka yi ta bai wa masu juna biyu, miliyoyinsu. A 1953 binciken William Dieckmann a Jami'ar Shikago ya nuna ba ya hana ɓarin, duk da haka aka ci gaba da rubuta shi. Sai a 1971 Arthur Herbst da abokansa a Boston suka ba da rahoton 'yan mata takwas, daga shekara 15 zuwa 22, da wata sankarar farji wadda ba a saba gani a masu ƙuruciya ba. Bakwai daga cikinsu iyayensu mata sun sha DES suna ɗauke da cikinsu. Shekara goma sha takwas ke nan tsakanin bayyanar hujja da dainawa! Waɗannan iyaye ba su yi laifin komai ba, neman tsira suka yi wa 'ya'yansu. Nauyin yana wuyan wanda ya san hujja ya kau da kai, domin lafiyar mutane amana ce da za a tambaye shi a kanta.

Ita ma ƙwayar tazara sai da aka koyi awonta da rayuka. Enovid, wadda aka amince da ita a Amurka a 1960, tana ɗauke da maikurogiram 150 na istirojin. Ba a jima ba aka fara ganin mata da gudan jini a ƙafa da huhu, saboda sinadarin yana sa hanta ta ƙara ƙera abubuwan da ke daskarar da jini. A 1969 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ba da shawarar kada a wuce 50. Yau galibi 20 zuwa 35 ne. Cikin mata dubu goma da ba sa sha, kimanin biyu ke samun gudan jini a shekara. Cikin masu sha, biyar zuwa goma sha biyu, gwargwadon nau'in ƙwayar. Adalci ya sa a ƙara da cewa haɗarin ciki da na jego ya fi wannan.

Shi ya sa nake baƙin ciki idan na ga ana miƙa ta a kemis ba tambaya, ba awon jini. Ba ta dace da mai shan sigari da ta kai shekara 35 ba, ko mai hawan jini, ko wadda ta taɓa gudan jini ko sankarar mama, ko mai ciwon ɓarin kai da walƙiya ke gilma mata a ido kafin ya taso, ko mai jego a makonnin farko. Maganin tarin fuka rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya suna raunana aikinta.

Ke kuma 'yar'uwa mai son jinkirta haila da wannan ƙwaya don aikin Hajji ko azumin Ramadan, niyyarki kyakkyawa ce, amma Allah bai ɗora miki laifi a kan hailarki ba, kuma Shari'a ta sanya kiyaye rai cikin manyan manufofinta. Ki ga likita tun watanni kafin tafiya, domin zaman jirgi na sa'o'i da ƙishin Makka suna taimakon daskarewar jini, kuma ƙwayar kan kawo ɗigo a watannin farko, wanda za ki buƙaci malami ya bambance miki ko haila ne ko istihala. Idan sha-raɓarki ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji ya soke ki numfashi yana sarƙewa, ki daina sha ki nufi asibiti a wannan sa'ar.