Ƙuri'a a Ajin Kimiyya: Rinjaye ne ke Yanke Gaskiya?

A makarantun Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha da ke Kaduna, malamin kimiyya kan tsaya gaban aji cike maƙil ya tambaya ko an gane, yara su amsa baki ɗaya cewa sun gane. Sai ranar jarrabawar WAEC ko NECO asiri ya tonu.

Matsalar ba ta Kaduna kaɗai ba ce. A farkon shekarun 1990, Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya lura ɗalibansa na warware lissafi tsaf, amma ba su san abin da lissafin ke nufi ba. Sai ya riƙa jefa musu tambaya mai zaɓi, kowa ya kaɗa ƙuri'arsa shi kaɗai, sannan ya juya ya yi ƙoƙarin shawo kan na kusa da shi, a sake kaɗawa. Yau manhajoji irin su Kahoot da Mentimeter suna nuna sakamako a allo nan take. Inda waya ta yi ƙaranci, ko aka hana ɗalibai shiga da ita, akwai Plickers: kowane yaro ya ɗaga katin takarda, wayar malam kaɗai ke karantawa.

To amma akwai abin dubawa. A ce malam ya tambaya: in aka saki babban dutse da ƙarami tare daga saman bene, wanne zai riga isa ƙasa? Galibi za su ce babban, alhali tare suke sauka. Allo zai nuna rinjaye a kan kuskure, kuma yaron da ya tashi yana jin cewa mai yawan ƙuri'a ne ke cin zaɓe zai iya ɗauka haka gaskiya ma take. A 1951 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya nuna cewa mutum kan musanta abin da idonsa ya gani game da tsawon layi, don kawai sauran mutanen ɗakin sun faɗi wani abu dabam.

Addinan nan biyu, Musulunci da Kiristanci, da yaran kudancin Kaduna ke zuwa aji da su sun daɗe da sanin wannan. Alƙur'ani ya yabi shawara, har akwai sura mai suna Shura, amma Suratul An'am ta yi kashedi da bin mafi yawan mutane a kan zato. A Baibul, Littafin Fitowa, sura ta 23, ya hana bin taro zuwa ga mugunta. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, rana ta yi husufi, mutanen Madina suka ce saboda rasuwar ne. Maganar tana girmama ɗansa, ga ta a bakin jama'a, amma ya tashi ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Shawara tana yanke abin da jama'a za su aikata. Ba ta da iko a kan yadda Allah ya tsara halitta.

Don haka ƙuri'ar aji ɗalibai take aunawa, ba dutsen ba, kuma nan amfaninta yake. Da yake a asirce ake kaɗa ta, yarinyar da kunya ke hana ta ɗaga hannu tana samun faɗin abin da ke ranta ba tare da an yi mata dariya ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2009, kan ɗaliban Jami'ar Kolorado, ya gano cewa muhawarar da ke biyo bayan ƙuri'a tana ƙara fahimta, ko da a rukunin da babu wanda ya san amsar da farko.

Malamai su yi amfani da dabarar, ko da da katin kwali ne. Amma kada a rufe darasi da sakamakon allo. A ɗauko duwatsun, a fita da aji waje, a sake su yara na kallo.