Miki da Ciwon Sukari: Baitoci da Sharhinsu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, na ce:

Wuƙa ta fid da daji a hanjina,
Sukari ya hana wa miki warkewa.
Na kama azumi don kunyar 'yan'uwana,
Na bar rangwamen Mai kyauta da yafewa.

Sharhi: Ya 'yan'uwa, ku sani an yi mini tiyatar ciwon daji ina ɗauke da ciwon sukari. Da watan Ramalana ya kama, sai na ɗauki azumi a ɓoye, don kada almajirai su ce malam ya gaza. Rana ta uku karkarwa da gumi suka kayar da ni a sahu. Likita ya ce: "Malam, mikin mai sukari ba ya saurin haɗewa. Idan sukari ya hau, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Idan awo ya sauka ƙasa da 70, wajibi a karya azumi nan take."

Nan na gane kunyar mutane na bi, ba taƙawa ba. Shari'a ta yarda majinyaci ya sha ruwa ya rama daga baya, ya yi salla a zaune, ya yi taimama idan ruwa zai cutar da shi. Yanzu allurar insulin da wuridina duka ba na wuce lokacinsu. Shan magani ba ya warware tawakkali. Allah ya ba majinyatanmu lafiya, amin.