Motar da aka ajiye ta ƙi tashi, laifin wa?

Duk wanda ya san harkar albasa a Aliero ya san cewa manyan motocin dako ba kullum suke kan hanya ba. Idan aka gama jigilar albasar rani zuwa Legas da Anacha, wasu sai a jingine su a bayan gida ko gefen tasha, a Jega ko Maiyama, su yi wata uku ko huɗu ba a murɗa makulli ba. Ranar da lodi ya samu, sai mota ta ƙi tashi. Nan take mu fara neman mai laifi. Mu ce direban da ya tuƙa ta na ƙarshe ne ya kashe ta, ko yaron mota ya musanya batir, wasu ma su ce an yi mata asiri. Mai mota kuwa hujjarsa ɗaya ce, shi bai taɓa ta ba. To, wanda bai yi komai ba yana iya zama mai laifi?

Mu dubi yadda ƙwararren bakanike yake bincike. Yana farawa da abu mafi sauƙi. Idan aka murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, batir yake dubawa. Irin waɗannan motoci galibi batir biyu suke amfani da su masu ƙarfin 12-12, kuma batir yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba, balle a zafin Kebbi. Kawunansa kan yi farin gari mai hana wuta wucewa. Idan injin yana juyawa amma bai kama ba, sai ya kalli salansa. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi, zafin matsewar iska ne yake kunna mai. Farin hayaƙi yana nuna mai na isowa amma ba ya ƙonewa. Rashin hayaƙi kwata-kwata yana nuna mai bai iso ba. Daga nan sai filta da tanki. Tankin da aka bari rabi yana tara raɓa da damina, ruwan ya kwanta a ƙasa domin ya fi gas nauyi, ya haifar da dauɗa mai toshe filta. Wani lokaci iska ce ta shiga bututun mai, sai an buga famfon hannu an fitar da ita. Wani lokaci ɓera ne ya ci waya. Sai an wuce duk waɗannan ake maganar nozul da babban famfo, masu cin kuɗi.

A cikin jerin nan babu hannun direba. Kowace matsala ta taso ne daga zama. Mu muna ɗauka abin da ba a taɓa ba yana nan yadda aka bar shi, alhali zafi da raɓa da ɓera ba su tafi hutu tare da mu ba.

Mai mota zai ce gas ya yi tsada, lodi babu, ya zai yi? Gaskiyarsa, ajiye mota ba laifi ba ne. Amma ajiya daban, watsarwa daban. Mai ajiya yana cire kan batir, ya cika tanki, ya tayar da injin lokaci-lokaci har ya ɗauki zafi. Wanda ya san haka ya ƙi yi, ya zaɓa ne, kuma zaɓi aiki ne. Idan ya juya ya kori direba ko ya kira yaro ɓarawo, ya haɗa sakaci da zalunci, ya ɓata sunan talakan da ba shi da jarin da ya wuce amanarsa. Laifi tudu ne, mu taka namu mu hango na wani.

Haka muke yi da 'yan'uwa. Mu shekara ba mu leƙa ƙanin mahaifinmu ba, ranar da buƙata ta taso mu je, ya karɓe mu a sanyaye, mu dawo muna cewa ya canza. Ba mu zage shi ba, ba mu cuce shi ba, amma zumunci a ƙafa yake, mu kuma mun ajiye ƙafar.

Kafin mu zargi kowa, mu yi irin tambayar da bakanike yake yi wa mai mota tun bai ɗauki sifana ba: yaushe rabonka da tayar da ita?