Mai Zazzaɓi Ba Ta Hawa Ƙanƙara

'Yata, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya sanyin Kanada?

Na ga bidiyon jikata da kika turo, kuma raina ya yi fari. Yarinyar da iyayenta suka tashi a ƙasar rana, ga ta tana juyi a kan ƙafa ɗaya bisa ƙanƙara, alƙalai na kallo. Allah Ya ƙara mata basira. Amma saƙon muryar da ya biyo bayan bidiyon ya hana ni sukuni. Kin ce daren gasar jikinta ya yi zafi rau, ta kwana tana tari, da safe kika ba ta farasitamol zazzaɓin ya sauka, kika ja mata kunne kada ta gaya wa koci, saboda an riga an biya kuɗin shiga gasa da na masauki. Da murna kika ba ni labarin. Ni Goggonki ce, kuma a aikin jinya na tsufa, in na yi shiru ban yi miki adalci ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da kika yi ba daidai ba ne, kuma ina so ki san dalili, ba wai kawai ki ce Goggo ta yi faɗa ba.

Farasitamol ba ya kashe ƙwayar cuta. Zafin jikin kawai yake kwantarwa na 'yan sa'o'i, cutar kuwa tana nan tana aikinta. Wasan zamiya na gwaninta a ido rawa ce, amma a jiki gudu ne da tsalle ba hutawa. Manyan 'yan wasa minti 2 da daƙiƙa 40 suke yi a gajeren wasa, minti 4 a dogon, na yara bai kai haka ba, amma duk wadda ta fito za ki ga ƙirjinta na hawa da sauka. Ƙwayoyin cutar da ke kawo mura mai tsanani da korona da ire-irensu sukan taɓa tsokar zuciya su sa ta kumbura. Ba kowa abin ke samu ba, amma wanda ya samu kuma aka tilasta wa zuciyarsa aiki mai nauyi a cikin wannan hali, bugunta na iya rikicewa. Shi ya sa likitocin wasanni suka raba abin gida biyu. In majina ce kawai da ɗan atishawa, ba zazzaɓi, ana iya motsa jiki kaɗan. In kuwa zafi ya kai digiri 38, ko tari ya sauka ƙirji, ko ciwon gaɓoɓi, ko amai da gudawa, to sai kwanciya. Ki ƙara da cewa mai zazzaɓi jiri na ɗibarta, ruwan jikinta ya ragu, ga shi wasan nan juyi ne da dira a kan ƙarfe siriri. In ta faɗi, ƙanƙara ce za ta tari ƙeyarta. Tunda muna maganar magani, ko da wasa kada ki ba yaro asfirin a kan mura ko ƙarambau, yana iya jawo ciwon da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Wannan ta jikinta ce. Wadda ta fi yi mini nauyi ita ce ta 'ya'yan mutane.

Na san abin da za ki ce: zauren ƙato ne, rufinsa can sama, ina tarin yarinya ɗaya zai kai? Tun da jikata ta fara wasan nan nake bin labarinsa, kuma zauren ƙanƙara ba kamar sauran zaure yake ba. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka ba ta tashi sama. Kwantawa take yi a kan filin, katangar da ta kewaye shi ta riƙe ta, kamar yadda hazo ke kwantawa a fadama da asubar hunturu. Numfashin da 'yan wasa ke fitarwa da ƙarfi a nan yake tsayawa, daidai tsayin fuskokinsu, kuma ƙwayoyin mura sun fi daɗewa da rai a cikin sanyi da bushewar iska. A watan Yuni na 2020 wasu maza 22 suka buga wasan hoki a wani zauren ƙanƙara a yankin Tampa na jihar Fulorida. Ɗayansu yana ɗauke da korona bai sani ba, sai washegari jikinsa ya nuna. Cikin kwana biyar mutum 14 daga 'yan wasan sun kwanta, har da wani ma'aikacin zauren. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ce ta wallafa rahoton. Wancan bai san yana da cuta ba. Ke kin sani.

Gaskiya ne 'yan zamiya ba sa gogayya da juna irin ta 'yan hoki. Amma ki tuna yadda ranar gasa take. Ana sako su rukuni-rukuni su ɗumama jiki tare a fili ɗaya, suna gilma wa juna suna haki. Kafin nan sun yi sa'o'i a ɗakin sauya kaya, wanda ƙarami ne, ba taga, iyaye mata cunkushe ana gyaran gashi ana shafa hoda. Sanyi na sa hancin kowa zuba, kowace da kwalin tishu a kan katanga, a fyace a ajiye, hannun nan kuma ya kama ƙofa, ya kama kafaɗar koci. In an gama, a rungume juna, a zauna manne da koci ana jiran maki. A ganina ɗakin sauya kayan nan ya fi filin haɗari.

Manyan wasan sun sha wannan darasi da tsada. A ƙasar da kike zaune, gasar duniya da aka shirya farawa a Montiriyal ranar 16 ga Maris 2020, gwamnatin Kebek ta soke ta ranar 11 ga watan, 'yan wasa sun gama shiri tsaf. Sai a 2024 birnin ya karɓi gasar. A Rasha kuwa, a watan Nuwamba na 2020 aka yi gasar Rostelecom a Mosko da 'yan kallo, aka rufe da liyafa ba takunkumi, ba a jima ba aka ji Elizaveta Tuktamysheva, wadda ta ci gasar mata, da Dmitri Aliev sun kamu. Anna Shcherbakova, tana 'yar shekara 16, ta janye daga waccan gasa saboda nimoniya, amma bayan wata ɗaya ta fito gasar ƙasa a Chelyabinsk. Duk wanda ya kalla ya ga yadda numfashi ke yi mata wuya bayan ta gama. Ta ci gasar, aka yi ta yabon jarumtarta. Na san irin wannan labari shi ke shiga zuciyar iyaye. Ni dai da na kalla tausayi ne ya kama ni, ina tambayar ina manyan da ke kewaye da ita. Allah Ya kiyaye ta, amma tsirar mutum ɗaya ba hujja ba ce.

Ga wanda nake so ki ba jikata labarinsa: Yuzuru Hanyu na Japan, wanda ya ci zinaren Olamfik sau biyu, a 2014 da 2018. Yana da asma tun yana yaro. A watan Agusta na 2020, lafiyarsa ƙalau, ya sanar da cewa ba zai shiga jerin manyan gasannin kakar ba. Dalilinsa ba ƙirjinsa kaɗai ba ne. Ya san duk inda ya je dubban masoya za su bi shi, su taru, su ɗauki cuta su kai gidajensu. Mutumin da babu wanda ya fi shi a wasan ya haƙura da fili don lafiyar waɗanda bai ma san sunansu ba.

Kada kuma ki ɗauka janyewa ƙarshen duniya ce. A gasar ƙasa ta Amurka a Nashbil, Janairun 2022, wadda daga ita ake zaɓen masu zuwa Olamfik, gwaji ya nuna Alysa Liu na da korona bayan ta yi gajeren wasa, ta janye. Brandon Frazier ma ya kamu, shi da abokiyar wasansa Alexa Knierim ba su hau ƙanƙara ba. Duk da haka an zaɓe su, sun je Beijin. A can kuma Vincent Zhou ya kamu bayan gasar ƙungiya, ya rasa gasar maza da ya yi shekara huɗu yana wa tanadi, ya yi bayani daga ɗakin killacewa yana hawaye. Ƙarshen Maris na shekarar aka haɗu a Mompeliye ta Faransa a gasar duniya: Knierim da Frazier suka ɗauki zinare, Zhou tagulla, Liu tagulla. A 2025 Liu ta zama gwanar duniya a Boston. In waɗannan sun bar gasa irin wannan kuma ba su lalace ba, mece ce gasar yara ta ƙarshen mako?

Ki tuna a cikin yaran da suka shiga ɗakin nan da jikata akwai mai asma, don ciwon ya yi yawa a tsakanin masu wasa cikin iska mai sanyi. Akwai wadda za ta koma gida ta ɗauki ƙaninta jariri, akwai wadda kakarta ke zaune da su. Ba za ki taɓa jin labarin abin da ya biyo baya ba, amma haƙƙi ba ya faɗuwa don ba a gani ba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham da jama'a, da labarin annoba ya riske shi sai ya juya da su Madina. Tarbiyyar da muka gada ke nan, kuma a ƙasar mutane kuke, ana kallon ku.

Akwai kuma abin da ya fi cutar kanta damuna. Kin koya wa yarinya ta ɓoye ciwo. Yau zazzaɓi ne, gobe idon sawu ne, ko ƙashin baya, ko ta bugu a ka ta ga duhu ta tashi ta yi shiru, domin ta koya daga bakin uwarta cewa faɗin gaskiya yana hana hawa fili. Wasan nan ya riga ya cika da yara masu cije haƙori don kada a ce sun gaza. Ke ce ya kamata ki zama wurin da za ta zo ta ce Mama ba ni da lafiya, ba tare da tsoron kin ɓata rai ba.

Batun kuɗi ban raina shi ba. Na san takalmin kaɗai abin da yake ci, balle koci da hayar fili da ɗinkin kaya, kuma na san ku biyun da gumi kuke samu. Amma tun ranar da kuka sa ta a wasan, ku ɗauka wata gasar za ta wuce ku saboda ciwo. Ku sa shi cikin lissafi.

Sauran abubuwan ba masu wuya ba ne. Ki duba katin rigakafinta. Kanada ta kawar da ƙyanda tun 1998, amma cutar ta dawo ta yaɗu har aka janye mata wannan matsayi a Nuwamban 2025. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai ita ya fita, kuma allura biyu ake bukata, ba ɗaya ba. Allurar nan ita ce kuma ta hangum, wanda ya ratsa 'yan hokin ƙwararru a 2014 har ya kwantar da Sidney Crosby. Ki tabbata ta titanus ba ta wuce lokaci ba, tunda ƙarfen takalmin yana yanka, ki kuma kai ta allurar mura kowace kaka kafin gasanni su kankama.

Kwalbar ruwanta tata ce ita kaɗai, haka tawul, haka jan baki da kwalli, don ta nan ciwon ido da ƙurajen leɓe ke yawo. Man goge hannu da kike sa mata a jaka yana da amfani, amma ba ya kashe ƙwayar nan mai sa amai da gudawa. Ita ce ta ɓulla a Olamfik na Koriya ta Kudu a 2018, har aka janye masu gadi kusan 1,200 aka kawo sojoji 900 a madadinsu. Maganinta ruwa da sabulu, kafin cin abinci da bayan fitowa bayi. Wanda ta kama kuwa, sai ya yi kwana biyu cur bayan ta tsaya kafin ya koma cikin mutane.

Ƙafa ma ki riƙa dubawa. Takalmin matsattse ne, gumi na taruwa, in aka bar shi a rufe cikin jaka sai cin ruwa tsakanin yatsu. Ta fito da shi ya sha iska duk ranar da ta dawo, ta sauya safa. Bororo ko yanka a wanke a rufe. In wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi ko ya tara mugunya, likita za a kai, kada ki matse.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Kada ta koma atisaye sai ta yini ta kwana ba zazzaɓi ba tare da ta sha magani ba, tarin kuma ya yi sauƙi, sannan ta fara da kaɗan-kaɗan, ba tsalle a ranar farko. A makonnin nan ki sa mata ido: in ta yi kukan ciwon ƙirji, ko faɗuwar gaba, ko ta riƙa haki a abin da da ba ya sa ta haki, ko jiri ya ɗebe ta, ku tafi asibiti a ranar, ki gaya wa likita ta yi gasa cikin zazzaɓi. Ki kira kocin ki faɗa masa gaskiya don ya sanar da iyayen yaran da suka yi rukuni ɗaya, kuma ki yi kiran a gaban jikata ta ji da kunnenta. Katin rigakafin kuma ki ɗauki hotonsa ki turo mini, zan duba miki abin da ya saura.