Shekara Goma Sha Takwas a Cikin Ganga: Tsufa Yakan Mai da Abu Nagari?

A ƙarshen Disamba, sa'ad da 'ya'yan Potiskum masu aiki a Abuja da Legas suke komowa gida bikin Kirsimati, kowa yakan riƙo tsarabar da ƙarfinsa ya kai. A ɗauka wani ɗa ya durƙusa gaban mahaifinsa, dattijon ikkilisiya, ya ajiye kwalba cikin kwali mai ruwan zinariya, an rubuta 18 a jikinta. Ya ce, "Baba, wannan ba irin ta 'yan tasha ba ce. Wuski ce daga Sikotland, shekararta goma sha takwas, manya ake kai wa." Ba da raini ya zo ba, haka ya ga ana girmama manya a wurin aikinsa. Amma ya ɗora wa mahaifinsa tambaya mai nauyi: ko daɗewa da tsada da gwanintar masu yi sukan mai da abu nagari?

Adalci ne a fara sanin abin da ke cikin kwalbar. Ana yin wuski da tsiron sha'ir, wata kuma da alkama ko masara. Bayan ta tsima, sai a dafa a tara tururinta, ta fito garau kamar ruwa, mai ƙona maƙogwaro. Doka ta ce ba za a kira ta da sunan Sikotland ba sai ta kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak a ƙasar, kuma barasar cikinta ba ta gaza kashi 40 cikin 100 ba. Kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 yakan bi iska daga gangar, wanda masu sana'ar suke kira rabon mala'iku. Kafin shekara 18 ta cika, kusan kashi uku cikin goma ya tafi.

Tun wajen 1860 ake gauraya ta sha'ir da ta sauran hatsi. Gwanin haɗi yakan zaɓo daga ganguna masu yawa, kuma yawancin aikinsa da hanci yake yi. Lambar da ke jikin kwalba ta mafi ƙuruciya ce a cikin haɗin. Masu ɗanɗano sukan zuba kaɗan, su duba launi, su sansana, su ɗiga ruwa, sa'an nan su kurɓa, su ce sun ji ƙanshin zuma ko zabibi ko hayaƙi. In aka gwada da burkutu, wanda ake dafawa cikin 'yan kwanaki ya kuma lalace nan da nan, lalle akwai haƙuri da gwaninta a nan. Mai bi ba shi da bukatar yin ƙarya don ya ƙi abu.

Sai dai mutumin Potiskum ya san wani abu daga kara. A kasuwar shanun garin, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, mai saye yakan buɗe bakin sa ya duba haƙora don ya san shekarunsa. Duk da haka ba shekaru yake saye ba. Tambayarsa ita ce, me wannan san zai yi masa a gona ko a mahauta?

To, me wuski mai shekara 18 take yi a jiki? Ganga takan sāke ƙanshi da launi, amma ba ta taɓa barasar. Wadda ke cikin kwalba mai tsada ita ce ke cikin 'yar leda ta bakin tasha, hanta kuwa ba ta karanta tambari. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa cikin abubuwan da ke jawo cutar, a 2023 kuma hukumar ta ce babu ma'aunin sha da ba shi da haɗari. Ko launin ma ba shaida ba ne, gama doka ta yarda a ƙara ƙonannen sukari. Abin da shekaru suka rage shi ne zafin maƙogwaro, wato gargaɗin da ke sa mutum ya dakata.

Ƙasar nan ta daɗe da dokoki a kan barasa. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ce ta sa Turawan mulki suka hana shigo da ita Arewa, Jihar Yobe kuma ta ɗauki shari'ar Musulunci a 2000. Amma tambayar dattijon ta lamiri ce. Gaskiya ne Kirista a wasu ƙasashe sukan sha kaɗan, suna tunawa da bikin Kana. Gaskiya ne kuma Karin Magana sura 23 ta ja kunne a kan kyan launin abin sha da santsinsa, Manzo Bulus kuwa a Romawa 14 ya sa lafiyar ɗan'uwa gaba da 'yancin kai. A gidan dattijo akwai jikoki masu ido. A majami'a akwai saurayin da ke fama ya rabu da 'yar leda. In ya ji Baba ma yana sha, sai dai mai tsada, me zai fahimta? Cewa laifinsa talauci ne kawai.

Saboda haka dattijo mai hikima zai karɓi ƙaunar ɗansa hannu biyu, ya sa masa albarka, ya kuma mayar masa da kwalbar a keɓe, ba tare da kunyatar da shi ba. Yana iya ƙara masa da abin da masu sana'ar da kansu suka sani: wuski takan ɗauki halin gangar da ta kwana a ciki, in gangar ba ta da kyau, shekaru sai su ƙara ɓata ta. Haka mutum yake. Furfura ba ta ba kowa hikima don ta fito kawai. Abin tambaya ga kowane gida shi ne, a wace ganga 'ya'yansa suke kwana?